'Yata za ta fara bin motar makaranta, me zan koya mata?

Maman Hanifa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Zangon karatu mai zuwa 'yata za ta fara bin motar makaranta, shekararta 4 da 'yan watanni. Tun da ta shiga makaranta mu ke kai ta mu ɗauko ta, yanzu kuma lokacin aikina ya canza, ba yadda zan yi. Ita dai murna take ta yi, kullum sai ta tambaye ni yaushe motar za ta zo. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Waɗanda 'ya'yansu ke bin mota, me kuka koya musu kafin ranar farko? Kuma yaya ake koya wa yaro ƙarami haka har abin ya zauna masa?

Hajiya Kaka
Wa alaikumus salam. 'Yata, ni dai shekara 4 ta yi mini ƙanƙanta. Yaron da ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba, a ce an zuba shi cikin mota da tulin yara, babba ɗaya ko biyu? In da hali a ƙara mata shekara guda ana kai ta. In babu hali, to Allah ya tsare, amma kada ki kuskura ki bar ta bakin titi ba babba a kusa, ko da tana tare da yayyenta.

Baban Sadik
Ki fara zuwa ki ga motar da idonki. In kujerun babu bel, magana ta ƙare, kada ki sa ta.

Tsohon Direba
Na daɗe ina jan motar 'yan makaranta kafin na ajiye, don haka bari in ce wani abu. Baban Sadik, bel yana da muhimmanci, za mu zo kansa. Amma abin da ke tayar wa direba hankali ba a cikin motar yake ba, a waje yake. Yaro in yana zaune a kujera ina ganinsa a madubi. Da ya sauka kuwa, ya shiga inda idona ba ya kaiwa.

Babbar mota tana da wuraren da direba ba ya gani sam: daf da hancinta, gefen ƙofa wajen tayar baya, sai kuma bayanta gaba ɗaya. Yaro mai shekara 4 tsayinsa bai wuce mita 1 da ɗan wani abu ba. In ya tsaya jikin bamba, wallahi daga kujerata titi kawai nake hangowa, shi ba na ganin ko gashin kansa.

Akwai ranar da na sauke yara huɗu a wuri ɗaya. Al'adata ce in ƙirga su suna sauka, in sake ƙirga su a madubi suna tafiya. Na ga uku. Ƙafata na kan burki, na ƙi ɗagawa. Na ja burkin hannu na sauko, sai ga yarinyar a durƙushe gaban tayar baya, hannunta a ƙarƙashin mota, tana miƙa shi ga wata takarda da iska ta kwashe mata. Zane ne ta yi a aji, an sa mata tauraro, za ta kai wa uwarta. Ko a jikinta, murmushi ma ta yi mini.

Saboda haka Maman Hanifa, in abu ɗaya tak za ki koya mata, to ki koya mata wannan: duk abin da ya faɗi kusa da mota, a bar shi. Gorar ruwa ce, takalmi ne, littafi ne, ba ta sunkuyawa. Ta matsa baya ta gaya wa babba. Kuma ki yi mata alkawari cewa ba za ki taɓa yi mata faɗa a kan abin da ya ɓace a nan ba. Yawancinsu tsoron faɗan gida ke sa su sunkuya.

Maman Hanifa
Innalillahi. Baba, jikina har ya yi sanyi. Maganar faɗan nan ta shige ni, don kuwa muna yawan cewa kada a dawo ba gora.

Anti Malama
Ni ina koyar da 'yan nazare, kuma ina cikin masu raka mota da rana. Abin da Baba ya faɗa haka yake. Zan ƙara kan tambayarki ta biyu, wato yadda ake koyarwar.

Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, amma wannan na manya ne. Ɗan shekara 4 zai ji, zai ma maimaita miki kalma bayan kalma, sannan gorar ta gangara ya bi ta a guje. Ba taurin kai ba ne, ƙwaƙwalwarsa ce ba ta kai ta tsayar da jiki ta yi tunani ba tukuna. Sai ƙafafunsa sun saba da kansu.

Ki jera kujeru a tsakar ɗaki su zama mota. Ke ce direba yau, gobe ita. Ki shimfiɗa igiya a ƙasa ta zama bakin titi. Ta tsaya nesa da igiyar, motar ta zo, ta jira har ki ce mota ta tsaya cak an buɗe ƙofa, sannan ta matso, ta kama ƙarfen hawa, ta zauna, bayanta jikin kujera, jaka kan cinya. Wajen sauka kuma ta yi manyan taku biyar daga jikin motar kafin ta juya ko'ina. Ku ƙirga tare da ƙarfi, yara suna son ƙirga.

In ta iya wannan, sai ki fara yi mata tarko. Tana sauka ki saki fensirinta ya gangara ƙarƙashin kujera, ki yi shiru ki ga me za ta yi. Karon farko za ta bi shi, kusan dukkansu suna bi. Kada ki yi mata tsawa, ki ce mu sake. Ranar da fensirin ya faɗi ta tsaya ta ce "Direba, abuna ya faɗi", to ta fara koya. Kuma doka ɗaya a rana ta isa. In kika zuba mata goma a zama ɗaya, ba ko ɗaya da za ta tashi da ita.

Injiniya
Taku biyar ɗin nan da Anti ta ambata yana da asali. A Amurka, inda aka fi ko'ina tsara harkar motar makaranta, suna kiran mita 3 da ke kewaye da motar yankin haɗari, ta gaba da baya da gefe biyu. Abin da suke koya wa yaro shi ne, in zai tsallaka, ya yi gaba a gefen titi har manyan taku biyar daga hancin motar, ya juyo ya kalli fuskar direba, ya jira direba ya yi masa alama, sannan ya tsallaka ta gabanta yana duba hagu da dama. Ba a bi ta baya ko da wasa. In ba ka ga fuskar direba ba, shi ma bai gan ka ba. A motocinsu da yawa ma akwai wani dogon ƙarfe a bamban gaba da ke buɗewa idan an tsaya, don ya tilasta wa yaro yin nisa kafin ya gifta.

Maman 'Yan Biyu
To ni nan kuka rikita ni. Mu abin da aka koya wa nawa shi ne kada su tsallaka sam sai motar ta tafi, titi ya buɗe suna ganin ko'ina. Yanzu kuma Injiniya ya ce a bi ta gabanta tana tsaye. Wanne ne daidai?

Baban Sadik
Ta gaban mota? Ai nan ne mai tahowa daga baya ba ya ganin yaro sai ya fito masa kwatsam. Ni ban yarda da wannan ba.

Injiniya
Ku duka kuna da gaskiya, kuma gara da aka tayar da maganar, don nan ne mutane ke kwaso shawarar wata ƙasa su ɗora a inda ba ta dace ba.

Tsarin Amurka ya ginu ne a kan doka. Motar tana kunna fitilu masu ruwan ɗorawa in ta kusa tsayawa, sannan jajaye in ta tsaya, wani allon tsayawa ya buɗe a gefenta. A dukkan jihohi 50 laifi ne ka wuce ta a wannan hali. Wato motar ce da kanta ke tare wa yaro titi, shi ya sa ake so ya tsallaka tun tana nan. A Ingila kuwa babu dokar da ta tsayar da motoci saboda bas ta tsaya, don haka littafin dokokin hanyarsu cewa ya yi kada a tsallaka daf da gaban bas ko bayanta, a jira ta tafi a ga titi sosai.

Tambayar da kowa zai yi wa kansa ita ce: a inda nake, in motar makaranta ta tsaya, sauran motoci da babura suna tsayawa? In amsar a'a ce, ko kuwa wani lokaci, to abin da aka koya wa 'yan biyu shi ne daidai. Ko a can ɗin ma dokar ba ta hana ɓarna. A watan Oktoba na 2018, a jihar Indiyana, wata mota ta kashe yara uku 'yan gida ɗaya da sassafe suna tsallakawa za su hau motar makaranta, alhali fitilun na kunne, allon a buɗe. Tagwaye masu shekara 6 da yayarsu mai shekara 9. Yaran ba su karya doka ko ɗaya ba.

Tsohon Direba
Allah ya ji ƙan bayinsa. Ni a ganina duk wannan muhawarar ta yaran da suka tasa ce. Mai shekara 4 ba ta da wata hanyar tsallaka titi da ta wuce hannunta cikin hannun babba. Ko alama na yi mata daga kujerata, layin da nake kai kawai na iya tsarewa, ba ni da iko da mai babur da zai kurɗo ta gefena.

Injiniya
Haka ne Baba. A jihar Kalifoniya ma direban ne da kansa yake kashe mota, ya sauko da allon tsayawa a hannu ya tsallakar da ƙananan ɗalibai. Masana harkar hanya sun daɗe suna cewa yaro bai iya auna gudun mota da nisanta yadda ya kamata sai ya kai wajen shekara 10.

Anti Malama
Tunda ana maganar tsallakawa, iyaye don Allah ku ji wannan, don laifin naku ne ba na yara ba. Kada ki tsaya a tsallaken titi kina jiran mota. Na sha gani: ƙofa na buɗewa yaro ya hango uwarsa a can ɗaya gefen tana ɗaga masa hannu, sai ya fizge daga hannuna. Duk abin da aka koya masa ya tafi, uwarsa kawai yake gani. Ki tsallako tun kafin motar ta iso, ki tsaya a gefen da ƙofa take. Kuma kada a ƙwala wa yaro kira daga nesa.

Haka da safe. In kun makara kun hango motar tana shirin tashi, ku ƙyale ta. Yaron da ke bin mota a guje yana gefen tayar baya ne daidai, inda direba ba ya gani. Ku fito da minti biyar a hannu, a yi jiran cikin natsuwa.

Baban Sadik
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar bel. A motar gida ba ma tashi sai kowa ya ɗaura. Me ya sa in an zo motar makaranta sai a ce ba komai?

Injiniya
Ba a ce ba komai ba. Abin da ya faru shi ne, tun 1977 Amurka ta kafa ƙa'idar kujerun manyan motocin makaranta: dogon baya, katifa mai kauri gaba da baya, a jere kusa da juna, an ɗaure su da ƙarfi a ƙasa. In aka yi karo ta gaba, yaro zai bugu da bayan kujerar gabansa mai laushi, ba zai yi nisa ba. Ga motar da nauyi, ga ta da tsayi, ƙarfin karon ba ya isa ga fasinja kamar a ƙaramar mota. Da wannan suka kafa hujjar rashin tilasta bel a manyan. Amma ƙananan, masu nauyin kilo 4,500 zuwa ƙasa, dole ne su kasance da bel.

Sai dai tsarin kujerun yana da rauni in motar ta kife ko aka buge ta daga gefe. Bayan haɗarin motar makaranta a garin Catanuga na Amurka a 2016, inda yara shida suka rasu, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta ba da shawara a 2018 cewa a sa bel mai kama kafaɗa da ƙugu a duk sababbin manyan motocin. Kuma ga 'yan ƙasa da shekarun firamare, shawarar hukumominsu ita ce a zaunar da su a kujerar yara mai nata maɗauri.

Abin lura a nan: wancan uzurin na motar da aka ƙera musamman don ɗalibai ne. Ƙaramar bas ta haya da aka shafa wa fenti aka rubuta sunan makaranta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A irinta, Baban Sadik, maganarka ce daidai.

Baban Sadik
Yauwa. Kuma a ƙirga kujeru a ƙirga yara. Bel ɗin me zai yi in an cusa huɗu a kujerar mutum biyu, wasu a tsaye, wani a kan cinyar wani?

Maman 'Yan Biyu
Ko akwai bel ɗin ma sai an koya musu. Nawa da farko sai su zare na kafaɗar su mayar da shi bayansu wai yana shaƙe su. Na ƙasan kuma ya hau kan ciki maimakon ƙugu. Sai da muka yi ta gwadawa a motar gida har suka iya ɗaurawa da kwancewa da kansu.

Sista Nas
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai saboda aikina: yaron da barci ya kwashe aka manta shi a mota. Ƙananan yara su abin ya fi samu, don an tashe su da asuba, mota na jijjiga su, sai su zame su kwanta a kujera, daga gaba ba a ganinsu.

Mota a rufe cikin rana, zafin cikinta yana ƙaruwa da kimanin digiri 10 a minti 10 na farko. Jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. In zafin jiki ya kai digiri 40 an shiga haɗari. Sauke gilas kaɗan ba ya hana komai.

Kada a ce sakacin ƙasashe marasa tsari ne. A Japan ya faru a 2021 da yaro ɗan shekara 5, ya sake faruwa a watan Satumba na 2022 da yarinya 'yar shekara 3, duk a motar nazare. Daga Afrilun 2023 suka wajabta na'urar tsaro, kamar wadda ke ƙara in an kashe mota, ba ta yin shiru sai direba ya taka har kujerar ƙarshe ya danna maɓalli. Kuma makarantu da yawa a can suka fara koya wa yara danna hon. In hannu ba ƙarfi, yaro ya juya ya zauna a kan sitiyari da mazaunansa, ko ya danna da gorar ruwa, kada ya daina sai babba ya zo.

Maman Hanifa, ki gwada mata wannan a motar gida. Ta kwance bel da kanta, ta zo gaba, ta danna.

Hajiya Kaka
Haba Sista. Yarinya tana murnarta za a cika mata kai da an manta ki, an kulle ki? Ai sai ta tsani motar, ta riƙa firgita cikin dare. Ni ban ga amfanin tsorata yaro ba.

Anti Malama
Hajiya, ba sai an tsorata ta ba. Ba a ce mata za ki mutu, ba a nuna mata hoton haɗari. Cewa ake yi, "In kin farka kin ga ba kowa, ga abin da za ki yi, sai Anti ta zo." Shi ke nan, da fara'a. Wallahi ranar da muke gwajin hon ita ce ranar da suka fi jin daɗi, layi suke yi. Yaron da ya san abin yi ya fi wanda bai sani ba kwanciyar hankali. Wanda bai sani ba shi ne zai zauna shiru yana kuka a kujera, yana jiran a zo, don an koya masa cewa yaron kirki ba ya taɓa kayan direba.

Tsohon Direba
A gwada hon ɗin motar makarantar ita kanta tukuna. Wasu motocin in an zare makulli hon ba ya yi. In irin wannan ce, a nuna wa yaro ya zo gilashin gaba ko ƙofa ya yi ta bugawa inda za a gan shi. Amma maganin abin na gaskiya yana hannunmu. Direba ba ya rufe mota sai ya taka har baya yana leƙa ƙarƙashin kowace kujera. Ba leƙe daga ƙofa ba, ba tambayar "akwai saura?" ba. Mai barci ba ya amsawa.

Baban Sadik
Wannan ita ce maganata tun farko. Ina jin ana ta lissafa abin da yarinya 'yar shekara 4 za ta yi: ta ƙirga taku, ta kalli direba, ta danna hon. Yaushe nauyin manya ya koma kan yara? Kuɗi ake biya. Aikin makaranta ne ta tsare ta daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji.

Sista Nas
Ba wanda ya sauke wa manya nauyinsu. In yarinya ta kai ga danna hon, ai manya uku ko huɗu sun riga sun gaza: direba bai duba ba, mai rakiya ba ta ƙirga ba, malamar aji ta ga kujera ba kowa ba ta tambaya ba. Ana koya mata ne saboda ranar da duk waɗannan suka haɗu. Amma na yarda da kai cewa tambayoyin da za a yi wa makaranta sun fi darasin yarinyar yawa. Akwai rajistar da ake kiran suna wajen hawa da wajen sauka? Wa ke duba mota bayan an sauke? In yaro bai iso aji ba kuma gida ba su ce ba zai zo ba, cikin minti nawa ake bugo waya? Wannan kiran shi kaɗai yana iya ceton rai. Mu ma iyaye, ranar da yaro ba zai je ba mu sanar, don kada su saba da ganin gurbi su yi shiru.

Maman 'Yan Biyu
Wani ƙaramin abu: ku duba kayan da suke sawa. Igiyar rigar sanyi, maɗaurin jaka da ke reto, tarkacen wasan da ake ratayawa jikin zif, duk suna maƙalewa a ƙarfen hawa ko a ƙofa. Yaro ya sauka, direba ya ga ya sauka, ashe igiya na ciki.

Injiniya
Ya faru har an rasa rayuka, shi ya sa a 1996 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a kan igiyoyin tufafin yara: a cire na wuya gaba ɗaya, na ƙugu kuma kada ya zarce wajen santimita 7 da rabi. A yanke, ko a naɗe a ɗinke.

Anti Malama
Sai kuma zaman ciki, wannan ba wuya. A zauna har mota ta tsaya cak, ba kai ba hannu a taga, ba ihu don direba na bukatar kunnensa, jaka ba ta zama a hanya. Ba a cin abu mota na tafiya, don in yaro ya shaƙe a baya kafin a lura an daɗe. Ƙanana su zauna gaba kusa da mai rakiya.

Abin da na fi so ki nanata mata shi ne na dawowa: in ba ta ga wanda ya saba tarbarta ba, ba ta sauka. Ko ƙawarta ta ce zo mu je gidanmu, ko wani ya ce Mama ce ta aiko ni. Ta zauna ta gaya wa Anti. Ki ba makaranta sunayen waɗanda kika yarda su karɓe ta a rubuce. Lambar wayarki kuma ki sa a cikin jaka, ba a bayanta inda kowa zai karanta sunan yarinya ya kira ta kamar ya san ta ba.

Hajiya Kaka
To wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Har yanzu dai ina nan kan bakana cewa ta yi ƙanƙanta, amma in za a yi duk wannan, Allah ya sa albarka.

Maman Hanifa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je makarantar yau. Motar ƙarama ce, akwai bel a kowace kujera, akwai mai rakiya, kuma sun yarda in kawo ta ranar da ba karatu ta hau ta sauka ta gaisa da direban. Rajista suna yi da safe, amma da rana ba sa yi, na ce a gyara. Matsala ɗaya: da safe ƙofar motar tana gefen gidanmu, da rana kuwa daga ɗaya hannun suke fitowa, a tsallake za su sauke ta. Na roƙi su juyo, sun ce zai ƙara musu lokaci.

Tsohon Direba
Ki sake roƙonsu, ki haɗa da sauran iyayen layinku, juyowar ba ta fi minti biyu ba. In sun ƙi, to wanda zai tarbe ta ya riga motar isa, ya tsaya daidai inda ƙofa za ta buɗe, ya kama hannunta tun tana kan matakala. A wuyan hannu ake riƙewa, ba a yatsu ba, yatsu suna zamewa. Ku matsa baya ku bar motar ta tafi, sannan ku tsallaka.

Ranar da za ki kai ta gwajin, ki roƙi direban ya ɗora ta kan kujerarsa, ke kuma ki durƙusa gaban bamba, a tambaye ta ko tana ganin Mama. Sai ki riƙa ja da baya har ta ce ta gan ki. Ki kuma tambaye su wa ke jan motar ranar da direban bai zo ba, da ranar da mai rakiyar ba ta da lafiya, ko shi ma an nuna masa wuraren tsayawa da sunayen masu karɓar yara.